Ƙullin Bayan Ƙofa

Asabar, 24 ga Azumi, bayan azahar

Tun hantsi aka fara. Ina cikin kwaɓa zalabiyar da zan kai bakin kasuwa in an sha ruwa na ji ƙarar farko daga wajen Hartum, na ɗauka tayar babbar mota ce ta fashe. Ta biyun ce ta tashi tattabarun maƙwabciyarmu Sittana gaba ɗaya, har yanzu ba su sauka ba.

Ƙanwata Rahmatu tana ƙetaren kogi, a kantin maganin da take aiki, kuma an ce an rufe gada. Sau goma sha ɗaya Iya ta tambaye ni, "Ke, Rahmatu ta kira?" Na ƙirga. Ni da nake tsaye a gabanta ba ta ce mini ko kin tsorata ba.

"Ke" shi ne sunana a bakin Iya. Ni ce 'yar fari, wai kunya ta hana ta faɗin Indo. Shekara talatin da takwas ana kunyar nan ba a gaji ba. Sunan auta kuwa a cika baki ake kiransa, har da jan ƙarshe.

Littafin nan na marigayi Baba ne, shafukan da bai cika ba. Da ajami nake rubutu yadda ya koya mini, don mai digirin gidanmu ba ta iya karanta shi. Abu ɗaya ke nan da na fi ta.

Lahadi, 25 ga Azumi, la'asar

Babu wuta, famfo ya ɗauke. Na ɗauki jarka biyu na fita neman ruwa da burodi. Unguwarmu Umbadda tsit, sai karnuka da mu masu jarka muna bin gindin katanga. Awa uku na yi a layin gidan burodi. Wani abu ya wuce ta samanmu da fito, duk muka kwanta a ƙasa, da ya wuce muka tashi kowa ya koma gurbinsa a layi, har da masu gardamar wa ke gaban wa.

Na dawo na tarar da Iya a bakin ƙofar gida, a ƙasa, ta kasa tashi. Matar da gwiwa ta hana zuwa banɗaki sai na riƙe ta, ita ce ta ja jiki daga gado har zaure. Zaninta duk ƙasa, hannunta duk ƙasa. Sittana tana tsaye a kanta tana ta "ya hajja, ya hajja". Na ce Iya me ya fito da ke? Ta kau da kai. Ba sai ta faɗa ba, hanya take leƙe ko auta za ta ɓullo.

Na ciccibe ta na mayar da ita gado. Bayana har yanzu yana amsawa.

Litinin, 26 ga Azumi, magariba

"Ke, Rahmatu ta kira?" Yau sau tara.

Laraba, 28 ga Azumi, azahar

Rahmatu ta dawo. Da ƙafa ta ƙetaro gada tare da wasu mata, kwana huɗu suna kwance a bayan kantar kantin magani suna buɗe baki da biskit. Ƙafarta ta kumbura, leɓenta ya tsage. Wallahi da na gan ta na rungume ta ina kuka. Na rubuta wannan don kada gobe in ce ban yi ba.

Sai Iya ta buɗe hannu. "Rahmatuna, Rahmatuna." Ita kuma ta faɗa jikinta tana "Yumma, Yumma" da Larabcinta, tana ba da labari rabi Hausa rabi Larabci. Aka ce in ɗora ruwan zafi a gasa mata ƙafa. Ruwan da na kwanta a titi kafin in samo shi. Na ɗora, na gasa. Ƙafarta laushi kamar ta jariri, ban taɓa lura ba sai yau.

Ban damu ba.

Juma'a, ranar Sallah, hantsi

Ba a je idi ba. Liman ya yi raka'a biyu a cikin masallacin unguwa, kowa ya gudu gida. Ban yi tuwo ba, ban yi lalle ba.

Waya ta kama na ɗan lokaci, sai ga kira daga Haɗeja, jikokin ƙanin kakanmu da ba mu taɓa gani ba sai a hoto. Wai mu dawo gida. Gida ina? Kakanmu ya baro Haɗeja da ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya noman auduga a Jazira don ya yi guzuri, guzurin bai kammalu ba har ya mutu. Hanyar da ya biyo, ta Cadi da Darfur, ita ce aka ce ta fi ko'ina ci da wuta yanzu. Sittana ta ce a rediyo ana cewa wutar nan ba za ta tsaya a Sudan ba, sai ta lashi Cadi da Habasha, ƙasashe har sun fara rufe iyaka suna kwashe mutanensu. Ta dube ni ta ce, "Ku dai kuna da wata ƙasa, ya Indo." Ba da mugunta ta faɗa ba. A layi ɗaya aka haife mu ni da ita.

Mutanen Haɗeja sun ce a ba su likita su gaisa. Rahmatu suke nufi. Ni mai sayar da shayi ba a neme ni ba.

Litinin, 4 ga watan Sallah, bayan la'asar

Kawu Ɗahiru ya zo, ƙanin Iya. Jibi zai fita da iyalinsa a boksinsa, motar nan mai buɗaɗɗen baya da yake dakon albasa da ita. Za su bi kudu su ƙetare ta madatsar Jabal Awliya, su yanki Jazira har Maiwurno, inda danginmu suke kuma ba a jin ko harbin tsuntsu. Ya ce, "Yaya, mota ta cika har kan kaya. Wurin mutum ɗaya ya rage. Ke ba za ki iya kwana biyu a bayan mota ba, na sani. Cikin yaran nan wa zan ɗauka?"

Yaran nan. Ni da furfura ta fara fito mini a goshi.

Ina tsaye da tire a hannu. Na ɗauka za a yi shiru ko na numfashi ɗaya ne. Na ɗauka za a dube ni, in ce a'a Kawu, ɗauki Rahmatu, ni zan zauna da Iya. Wallahi abin da zan faɗa ke nan, na riga na shirya shi a bakina. So nake kawai a ba ni in bayar da hannuna.

Iya ta ce, "Rahmatu." Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Rahmatu ta yi ɗan kukanta, "A'a ya Yumma, Yaya Indo fa?" Iya ta ce, "Waccan ta san hanyar ruwa." Shi ke nan an gama shari'a. Kawu ya sha shayinsa ya ce ya yi daɗi.

Talata, 5 ga watan Sallah, azahar

Na soya mata gyaɗa, na daka mata yaji, na ɗinke hannun jakarta. Waccan ta san hanyar ruwa.

Laraba, 6 ga watan Sallah, hantsi

Sun tafi bayan sallar asuba. Ban tsaya rakiya ba. Na ce layin ruwa ba ya jira, na ɗauki jarka na fita tun motar ba ta iso ba. Rahmatu ta biyo ni zaure ta riƙe mini mayafi, na ce Allah ya kiyaye hanya, na zare.

Dalilin da ya sa ban tsaya ba shi ne na san abin da za a yi a bakin ƙofa. A gidanmu in mutum zai yi tafiya, yakan cire takalmi ya taka ƙasar ƙofar gida da ƙafar dama. Iya ta ɗebi ƙasar sawun ta ƙulle a ƙyalle, ta rataye a ƙusar bayan ƙofar ɗaki, ba a kwancewa sai ya dawo. Daga uwarta ta gada. Sau ɗaya Baba ya fita ba a ɗiba ba, Iya tana gidan suna, a tafiyar nan motarsu ta kife a hanyar Kosti. Tun daga ranar ba mai ja da ita a kan maganar. An ɗebi sawun Rahmatu da za ta Madani jarrabawa, an ɗiba da za ta Bur Sudan biki. Ni ba a taɓa ɗibar nawa ba. Ina nake zuwa? Gidan mijin ma da na yi shekara shida na fito, layi uku ne tsakaninmu.

Na dawo, gida ya yi faɗi. Rahmatu ta kwashe mayafanta da ke rataye a bayan ƙofa, ƙusa ta fito fili, ga ƙulli nan yana lilo. Ba tsumma aka samu ba. Shuɗin zanin nan na Iya da ta ce a cikinsa za a lulluɓe makararta, shi aka yage wa gefe.

Na daɗe ina kallonsa.

Alhamis, 7 ga watan Sallah, la'asar

"Ke, Rahmatu ta kira?" Ina kwashe mata fo take tambaya.

Juma'a, 8 ga watan Sallah, bayan azahar

An kafa shinge a bakin titinmu. Wani mai bindiga ya tare ni da jarkata, ya ce ke 'yar ina ce. Na ce Umbadda. Ya ce kafin Umbadda fa? Na ce cikin uwata. Abokinsa ya yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce irinku baƙi ne ke kai rahoto. Ya sa ƙafa ya ture jarka ɗaya, ya tsaya yana kallo har ta tsiyaye.

Na shigo da jarka ɗaya. Na fara gaya wa Iya, ta katse ni, wai a mafarki ta ga Rahmatu tana jin ƙishirwa.

Da ta yi barcin rana na yi wani abu. Ba zan rubuta shi ba.

Asabar, 9 ga watan Sallah, hantsi

Camfi ne dai. Baba da kansa yakan ce camfi ne, ƙasa ba ta dawo da kowa.

Lahadi, 10 ga watan Sallah, magariba

Waya ba ta kamawa sam. Kwana biyar ke nan, tafiyar kwana biyu.

Talata, 12 ga watan Sallah, azahar

A layin burodi wata mata ta ce an tare wata boksi kusa da Jabal Awliya, an sauke mazan, an tafi da motar da 'yan mata biyu. Na ce wace kala? Ta ce fara. Ta Kawu fara ce. Rabin boksin ƙasar nan farare ne, na gaya wa kaina haka tun daga layi har gida.

Ban faɗa wa Iya ba. Na wanke mata kai, na yi mata kitso, na dafa mata kunu da ragowar gero. Ta ce yau kuma me ya same ki. Na ce ba komai.

Ba na iya shiga ɗakin in ba da baya ga ƙofar. Ba na kuma iya kallonta.

Laraba, 13 ga watan Sallah, bayan asuba

Na duba kwata ko akwai abin da ya rage. Ruwan wanki ya bi ta kai kwana biyar.

Alhamis, 14 ga watan Sallah, la'asar

Bari in rubuta, tunda Allah ya riga ya gani. Na sauko da ƙullin ranar Juma'a, na kwance, na juye ƙasar a kwata, na kora da ruwan wanke-wanke. Na cika ƙyallen da tokar murhuna na mayar kan ƙusa.

Ban ce ta mutu ba. Wallahi tallahi ban ce ba. Cewa na yi kada ta dawo. Ta zauna can, ta yi aure can, ta haihu can, a bar ni da uwata ko na shekara ɗaya ne in ga ko za ta iya kallona in babu wata a ɗakin. Kishinta nake yi tun ranar da aka haife ta ina da shekara goma sha huɗu, aka ɗora mini ita a baya. Ni na goya ta, ni na yaye ta, da cinikin shayina ta yi makaranta. Ina sonta, kuma ina jin zafinta a nan ƙasan haƙarƙarina kullum.

Sai dai rashin dawowa iri biyu ne, ni kuma ban ce wanne ba lokacin da nake zubarwa.

Asabar, 16 ga watan Sallah, azahar

Ya Allah, ka mayar da abin kaina.

Litinin, 18 ga watan Sallah, hantsi

Suna Maiwurno! Saƙon murya ya shigo wayar Sittana da ta hau rufin ɗaki neman layi. Mota ce ta lalace musu a wani ƙauye, kwana takwas suna jiran ƙarfen gyara. Na yi sujada a tsakar gida, goshina har ya kwashi kashin tattabara.

Sau shida Iya ta sa aka maimaita mata saƙon. Rahmatu tana cewa akwai wutar lantarki, akwai mangwaro, da yamma suna zuwa bakin kogi, kuma wani asibiti ya ce zai ɗauke ta aiki. A ƙarshe ta ce, "Ku gaida Yaya Indo."

A gaida ni. Mangwaro. Kafin azahar abin nan na ƙasan haƙarƙari ya dawo wurin zamansa kamar bai taɓa tafiya ba.

Laraba, 20 ga watan Sallah, magariba

Maganin hawan jinin Iya saura ƙwaya biyu. Duk kantunan Umbadda a rufe ko a fashe. Mai ilimin magani tana bakin kogi.

Alhamis, 21 ga watan Sallah, bayan la'asar

An ce akwai kanti ɗaya da ke buɗewa da safe a cikin tsohon Umdurman, bayan babbar kasuwa. Shinge biyar tsakaninmu da shi, kuma ta can ake jin ƙarar tun jiya. Sittana za ta je neman maganin mijinta, ta ce mu tafi tare gobe.

Na zauna a bakin gadon Iya, abin da ban saba ba. Na ce, "Iya, tsoro nake ji." Ban taɓa gaya mata haka ba tunda nake.

Ta ja carbinta. Can ta ce, "Je ki. Ba abin da zai same ki da yardar Allah. Yana nan a rataye."

Na ce mene ne a rataye?

Ta nuna bayan ƙofa da haɓa. Na ce ai na Rahmatu ne. Ta dube ni kamar na yi sabon hauka.

"Na Rahmatu? Ta dawo ta yi me a cikin wutar nan? Ban ɗebi nata ba. Da bakina na sa Ɗahiru ya share wurin da ta taka."

Na ce to na wane ne?

"Na mai fita kullum." Ta kau da kai wajen bango. "Tun ranar da aka fara fita da jarka. Na ja jiki na ɗiba, na kasa tashi, Sittana ta rataya mini. Na ce ba zan kwance ba sai an daina harbi, don gwiwar nan ba za ta kai ni ƙofa kullum ba."

Ranar da na same ta a ƙasa ke nan. Ranar da na ɗauke ta ina zaginta a zuci. Kwana goma sha ɗaya ƙullin yana ɓoye a bayan mayafan Rahmatu, ni kuma ina wucewa ta gabansa.

Ta ce in miƙo mata shi ta tofa addu'a. Na so in ce hannuna da maiƙo. Na miƙa. Ta karɓa, ta ɗan jinjina shi a tafin hannu, ta sake jinjinawa. Matar da ta shekara arba'in tana auna gero da hannu. Ta kwance bakin, toka ta zubo mata a cinya.

Ba ta tambayi wanda ya yi ba. Mu biyu ne a gidan.

Ta ce, "Na wa kika ɗauka?"

Na ce, "Kin sani."

Na jira ta zage ni, ko ta yi kuka, ko ta ce Allah ya isa. Ta kakkaɓe cinyarta a hankali, ta ninke shuɗin ƙyallen, ta tura ƙarƙashin matashi. Har aka kira magariba ba ta tambayi ko Rahmatu ta kira ba.

Juma'a, 22 ga watan Sallah, bayan asuba

A tsaye nake rubutawa, Sittana tana jira a waje.

Na sa takalmi zan fita, Iya ta ce, "Ke. Ɗauke ni." Na goya ta har ƙofar gida kamar yadda nake goya Rahmatu. Ba ta da nauyi yanzu. Na zaunar da ita a dokin ƙofa, ta ce cire takalmin. Na cire. Na taka da ƙafar dama, na danna sosai har yatsuna biyar suka fito.

Ko a lokacin sai da zuciyata ta ce mini: waccan an sake ta ta tafi inda ake shan mangwaro, ke an ƙulle ki a ƙyalle don a samu mai kwashe fo. Wataƙila haka ne. Har yanzu ban san wadda aka fi so ba, kuma ba na jin zan sani.

Na riƙe ta ta kafaɗa ta sunkuya. Ta tattara ƙasar tun daga diddige har yatsu, ba ta bar ko kaɗan ba. Tana ƙullewa tana motsa baki, ƙasa-ƙasa, ba don ni ba. Kunnena yana daidai wuyanta, shi ya sa na ji.

"Ya Allah, ga Indo nan. Ka dawo mini da Indo."

Rahmatu tana jin sunanta sau ashirin a yini. Ni sau biyu ke nan a shekara talatin da takwas, kuma ba ni aka gaya wa ba, Allah aka gaya wa. Na sa takalmina. Da sunan da na ji zan wuce shingen nan biyar.